Firjin Inna da Fitilun Masunta

Shekarar da likita a Yauri ya ɗora Inna a kan allurar ciwon suga, ya ja mana kunne cewa maganin ba ya son zafi, in ya sha zafi ya tashi aiki. Ƙauyenmu kuwa yana bakin ruwa ne gaba da Wara, ko turken wuta babu. Ni na koyi aikin lantarki a birni, sai na ce wannan nawa ne.

Na zauna na yi lissafi yadda aka koya mini: ƙaramin firji, ƙwan fitila biyu, da wayar Inna. Na haɗa wutar da suke ci a wuni, na ɗan ƙara saboda ranakun hadari. Lissafi ya ba ni farantin sola biyu da batir ɗaya. Na kafa farantan a kan rumfa suna kallon kudu, nesa da hayaƙin bandar kifi. Da yake batirin ƙarami ne, na haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa, na bi da su ta kwantirola mai daidaita caji, na sa fis kusa da batir. Har na ja baya ina kallon aikin ina jin kaina.

Bayan mako uku na dawo, na taɓa cikin firji na ji ɗumi. Na tsine wa mai shagon da ya sayar mini da batir, na hau rumfa na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ban ga laifin komai ba.

Da la'asar sai maƙwabta suka fara sallama, masu shirin fita kamun kifi. Inna ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin gado, cike da fitilun goshi, duk suna caji a jikin wani dogon soket da ban san da shi ba. Filogin firji kuwa yana yashe a ƙasa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! Maganinki fa!"

Ta ce, "To mi kaka so in ce musu? Mutum zai hau ruwa ba fitila, ga wuta a ɗakina? Rana kaɗai nika cire shi."

Da rana ne kuwa ya fi bukatar wutar. Amma a garin nan aka haife ni, na san ba a mayar da mai sallama hannu wofi. Na ƙirga kayan ɗaki, na manta da mutanen da ke shigarsa.

Maganin dai ya lalace, washegari na shiga jirgi zuwa Yauri na karɓo wani. Na dawo da ƙarin faranti biyu da batir na biyu. Sabbin na ba fitilu. Tsofaffin na bar wa firji shi kaɗai, na yanke filoginsa, na ɗaure wayar kai tsaye yadda ba mai iya zarewa.

Inna na zaune a tabarma tana kallona. Sai ta ce:

"Wato ka ɗaure mini hannu ke nan."

Na ce, "E, Inna. Ina son ki daɗe."