Gilashin Motar Bature

Hoton mahaifiyata guda ɗaya ne a duniya, kuma ni na goge shi da hannuna, ina murmushi, ina ganin na yi gwaninta. Ina da shekara biyu ta rasu, ban san kamanninta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi shekara ashirin da 'yan kai ina wucewa ta ƙarƙashin hoton nan safe da yamma ban san tana ciki ba.

A gidanmu, can wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, "hoton mota" muke ce masa. Yana rataye a ɗakin Baba, saman buhunan iri. Baba ne a tsaye yana saurayi, da wando mai faɗin ƙafa, ya ɗora hannu a rufin wata gajeriyar mota mai ƙofa biyu da dogon hanci. Ta wani Baturen injiniya ce da Baba ya yi wa direba lokacin da ake haƙa kanal ɗin da muke noman rani da shi. Baba ba mai magana ba ne, amma da an taɓo motar nan sai bakinsa ya buɗe, ya yi ta labarin yadda take cinye titin Zariya kafin ka gama tauna goro ɗaya, da yadda mutanen Garun Malam suke fitowa kallo in ta wuce. Sau da yawa nakan tarar da shi bayan la'asar ya sauko da hoton yana share shi da gefen riga. Ni kuwa tun ina ƙarami na yanke hukunci cewa tsohon nan mota yake so, hali ne bai samu ba.

Wajen shekarar dubu biyu da biyar na yi wata shida a Kano ina koyon kwamfuta, na dawo na samu aiki a wani shago kusa da tashar Kura. Katin biki muke yi da kalandar amare, muna ɗauko mutum daga tsakar gidan ƙasa mu tsayar da shi a gaban benen da bai taɓa takawa ba. Kaina ya kumbura. Hausa ma sai na yi mata mahaɗi da Turanci kafin ta fito. Ina da tarin tsofaffin mujallun motoci da nake sayowa a birni, kuma a ganina duk faɗin ƙaramar hukumar babu wanda ya san mota kamata, alhali ko keke ban mallaka ba.

Wata Talata da hantsi sai ga Baba a bakin shagon, ya jingine kekensa, daga ban ruwan albasa yake, taɓo har idon sawu. Akwai 'yan mata biyu da suka zo karɓar kati, da wasu abokaina. Yau zan faɗi gaskiya: kunyar ƙafafunsa na ji. Burina kawai ya faɗi abin da ya kawo shi ya tafi. Ya kwance hoton daga cikin wani farin ƙyalle, ya ajiye a teburina. Da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ne kawai tsakanina da shi.

"Kai, gilashin motar nan ne ya dushe," in ji shi. "An ce na'urarku tana fito da abin da ya ɓace. Ka duba min gilashin. Sauran ka bar shi yadda yake."

Ya sa yatsa a tagar motar, ya ɗaga, ya sake mayarwa. Na ce masa an gama, idona na kan kwamfuta. Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai ya dubi 'yan matan, ya yi sallama ya fita.

Danshin damina ya riga ya manne hoton da gilashin firam ɗinsa. Na kifa shi haka nan a na'urar ɗaukar hoto, ya shiga kwamfuta amma da hazo-hazo. Na ga in na raba shi da gilashin zai fi fitowa, sai na ɗauko reza. Takardar ta ɗago fara fat a hannuna, fuskar hoton ta zauna a jikin gilashi ɓarɓashi-ɓarɓashi. Nan da nan na lallashi kaina cewa ai yana cikin kwamfuta, kuma wanda zan yi zai fi wannan sau goma. Na kankare gilashin, na wanke shi da sabulu don in sa sabon a ciki.

Kwana uku na yi a kan motar nan. Kalarta kore ce da ta koɗe, na mayar da ita ja wur. Na cire ƙananan tayoyinta na liƙa mata masu faɗi da na yanko daga mujalla, na kwantar da ita har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Fitilunta masu zagaye na matse su suka koma kamar idon mage, na dasa mata fiffike a baya. Katangar ƙasar da ke bayan Baba na share ta, na shimfiɗa kwalta da dogayen gine-gine. Abokaina suna tsaye a kaina suna zuga ni, ni kuma ina ƙara gishiri.

Sai da na gama duk wannan na waiwayi tagar. Na ƙara mata girma a fuskar kwamfuta, na ga wani fari-fari kamar gajimare, da ɗan baƙi a tsakiya, da wasu 'yan tabo ja-ja a bakin ƙofar. Na ce wannan fumfuna ce ta ci takarda. Ban yi minti biyar ina dubawa ba na shafe tagar da baƙi ƙirin, irin gilashin motocin 'yan siyasa. Mai shagon kullum yana mitar mun cika masa kwamfuta da tarkace, don haka na ajiye sabon a kan tsohon ya maye gurbinsa, na buga shi a takarda mai sheƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai gida. Baba yana zaune a tabarma, Gwaggo, yayarsa wadda ta raine ni, tana tsintar shinkafa a gefe. Na miƙa masa da hannu biyu, ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya murza baƙar tagar, kamar mai fatan baƙin zai goge. Ya ce ta yi kyau, sannan ya tambaye ni ina tsohon. Na gaya masa ya lalace wajen cirewa, har da ƙarin bayanin cewa dama ya gama yayi. Ya ce "To." Ya ajiye hoton a tabarma, ya ce yau layinsu ne za a sakar wa ruwa, ya ɗauki fartanya ya fita ko abinci bai ci ba.

Gwaggo ta ture faifan, ta jawo hoton, ta kai shi kusa da ido. Sai na ji ta yi salati a hankali.

"Ɗan nan, ina uwarka?"

Ban gane ba, sai da ta warware mini. Ranar da za a kawo amarya daga Kura, Baturen ya ba Baba aron motar. Da suka iso ƙofar gida, mai hoto ya tsayar da ango a jikin mota, amarya tana ciki a lulluɓe. Daidai lokacin da zai ɗauka ta ɗan ɗaga mayafi don ta leƙa gidan da aka kawo ta. Farin nan da na gani mayafinta ne, baƙin kuwa idonta ɗaya da rabin kumatu, tabon bakin ƙofa yatsunta ne da lalle.

"Ka taɓa jin ubanka ya ambace ta?" in ji Gwaggo. "Kai ma da kake raye bai iya faɗin sunanka ba. In ya ce mota, ita yake nufi. Kowa a gidan nan ya sani, mun zaci kai ma ka sani."

Na hau acaɓa na koma shago, na birkita kwamfutar nan ciki da bai. Washegari na kwashe ta zuwa Kano wurin wanda ya koya mini aiki. Ya gwada abin da zai gwada, ya girgiza kai. Garin neman gira na rasa ido. Na yi mako guda ina kwana a Kura wurin aboki, don ban san da wace fuska zan shiga gida ba.

Da na gaji da ɓuya, na same shi a gona da safe, yana tsugune a bakin kanal yana jawo ruwa da tiyo zuwa cikin fangalin albasa. Na cire takalmi na durƙusa a cikin taɓon, na ce ya yafe mini. Bai dube ni ba. Ya ce babu laifina, shi ne bai yi bayani ba. Wannan maganar ta fi mari zafi, domin ni na san ya nuna mini da yatsa har sau biyu.

Ya toshe wani fangali da ƙasa, ya buɗe na gaba, muna kallon ruwa yana bin kunya. Can sai ya yi gyaran murya.

"Irin baƙin gilashin nan da ka sa, an ce na waje ba ya ganin na ciki."

Na ce haka ne, Baba.

"Na ciki fa, yana ganin na waje?"

Na ce yana gani.

"To, ka bar shi haka," in ji shi. "Ka rataye hoton inda tsohon yake."