Metir Bahago da Buhunan Chaibou

Ni maɗinki ne, kuma aikinmu ƙafa ke yin sa, ido yana kan hanya. Rumfata a kasuwar Agadas tana kallon layin ƴan hatsi, don haka babu mai shiga ko fita ban ƙare masa kallo ba. Inoussa sa-ido ake ce mani, ban kuwa taɓa yin musu ba.

Cikin duk mutanen da na sa wa ido, babu wanda ya ɗaure mani kai kamar Metir Bahago. Metir laƙabin avoka ne, wato lauya, amma shi ba avoka ba ne na gaske. Avoka na gaske suna can Yamai, wanda jarinsa ya karye kuwa ina ya ga abin kiransu? Shi dai ya daɗe yana tafinta a jastis, wato kotu, ya san takarda, ya san yadda ake magana a gaban juji. Da ya bar aiki sai ya zama mai tsaya wa ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, ya shiga tsakaninsa da masu binsa, a raba abin da ya rage ba tare da an kai kowa gidan kaso ba. Gajere ne, yana ɗan ɗingishi, kuma hula ɗaya na san shi da ita.

Yana da biro, wato ofis, amma gizo-gizo ya fi shi zama a ciki. Kullum da hantsi sai ya shigo kasuwa ya ɗauko gaisuwa daga bakin layi, rumfa-rumfa. Nan ya zauna kan buhu ya kurɓi shayi, can ya tambayi jikin tsohuwa, har ya ƙure layin. Ranar da ya kawo mani rigarsa gyara na kasa haƙuri.

"Metir, wai ba ka gajiya da gaisuwa? Ko zaɓe kake nema, ga shi soja sun hana?"

Ya yi dariya. "Inoussa, in na shigo na tsaya rumfa guda kaɗai, kai mi za ka ce?"

"In ce mai rumfar ya karye."

"To ka gani. Saboda irinku nike gaishe da kowa."

Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. An ce lokacin da yake jastis shi ke kiran gwanjo in an kama kayan mutum. Akwai wani dattijo mai ɗinkin sirdi da aka baje kayansa a ƙofar gidansa, maƙwabta na tayawa, shi mai kayan yana tsaye yana kallo. Dattijon ya bar garin, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu sun ce daga ranar Bahago ya canza. Na taɓa tambayarsa, ya ce in kula da wuyan rigarsa kada in karkace shi.

Shekarar tamanin da huɗu ruwa ya ƙi zuwa. Bisashe suka mutu a daji, makiyaya suka taru a gefen gari, hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Layin ƴan hatsi ya fara ramewa. Sai rumfa ɗaya, ta Chaibou, mutum mai shiru-shiru da mata ɗaya, Fulera, da yara ƙanana. Buhunansa a jere har rufi, amma ko tiya ba ya sayarwa. Duk wanda ya zo sai ya ce kayan mutane ne, an riga an biya. Ni kam na yanke masa hukunci a raina: ɓoyo yake, yana jiran tsada ta ƙaru. Ga shi soja sun sa an yi shela cewa duk wanda aka kama ya ɓoye hatsi zai kwana a kaso.

Akwai wata tsohuwa, Inna Hajara, mai riƙon jikoki. Abincinsu ya koma anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su an yi ta sauya ruwa kafin su ciyu. Kullum takan zo da ƙwaryarta ta roƙi Chaibou ya sayar mata ko rabin tiya. Da roƙo ya ƙi ci ta koma zagi, da zagi ya ƙi ci ta tafi ta kai ƙara. Wani ajidan, mai muƙami a soja, ya zo da sojoji, ya sa kwaɗo a rumfar, ya ce ranar Alhamis za a buɗe buhunan a gaban jama'a a sayar da kuɗin gwamnati, mai rumfa kuma ya shirya.

Washegari sai ga Bahago da Chaibou a rumfata, wai sun zo gwajin riga. Wurin maɗinki kowa na shiga, babu mai zargi. Suka wuce bayan labule.

"Taka kekenka da ƙarfi, Inoussa," in ji Bahago. "In maganar ta hita, na san ƙofar da ta bi."

Na taka, amma kunnena bai toshe ba.

"Yashi ne, Metir," Chaibou ya ce. "Duka yashi ne. Daga kori, busasshen rafin nan, na ɗebo."

"Na sani. Tun watan jiya nike zama bisansu. Hatsi ba ya sa mutum ciwon ƙugu haka."

"Ka sani, ba ka ce komi ba?"

"Ba maganata ba ce da zan riga ka hwaɗi."

Ashe Chaibou ya ba makiyayan Ingall hatsi da sukari bashi, kamar yadda ya saba kowace shekara, su biya in sun sayar da dabba. Dabbobin suka mutu. Alhajin Damagaram da ke aiko masa kaya ya daina. Don kada yaron Alhaji da maƙwabta su ga rumfa wayam, sai ya riƙa cika tsofaffin buhuna da yashi yana jerawa, da fatan abubuwa za su gyaru kafin kowa ya farga. Yanzu ya yi magana da wani direban kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa arewa. Kafin a buɗe rumfar ranar Alhamis zai haye, ya bar Fulera da yara.

"Da kaso ce kaɗai, da na shiga," in ji shi. "Wanda aka kama da hatsi in ya hito ɗan kasuwa ne har yanzu. Wanda aka kama da yashi hwa? Yaran gari za su sa ni a waƙa. Ɗiyana su ji."

Na jira in ji Bahago ya yi masa faɗa ko wa'azi. Bai yi ba. Sai dai ya nemi izinin Chaibou ya je ya ga ajidan. Ya je ya dawo da la'asar. Ajidan ya ce ba zai buɗe a ɓoye ba, don an riga an gaya wa mutane akwai hatsi, za su ce shi ya cinye. Abin da Bahago ya iya samu kaɗan ne: babu kaso in yashi ne, babu ankwa, kuma Chaibou ne zai farka buhu da hannunsa, ba soja ba.

"In ka tahi, ba wanda zai ji daga bakina, kuma zan tsaya ma Fulera wajen Alhaji," Bahago ya ce masa. "In ka tsaya, ina kusa da kai. Abu guda zan ƙara: ba kai kaɗai ke da yashi cikin layin nan ba. Kar ka tambaye ni suna."

Daga ranar na riƙa bin buhunan layin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ina ƙoƙarin gane wanne ne. Har yau ban gane ba, kuma abin yana ci mani rai.

Ranar Alhamis mata suka cika gaban rumfar da ƙorai da kwanoni. Sojoji suka zo. Chaibou shiru. Ajidan ya fara duba agogo, ni kuma na tuna na ga kamyon arewa ya tashi da safe. Can sai ga shi da Bahago daga bakin layi. Chaibou dogo ne mai sauri, amma ranar tafiyar Bahago yake yi, kafaɗa da kafaɗa, a hankali.

Aka cire kwaɗo. Chaibou ya karɓi wuƙa, ya farka buhun farko. Yashi ya zubo a kan ƙafafunsa. Ya farka na biyu, ya farka na uku. Ya tsaya ya sunkuyar da kai yana jiran dariya.

Babu wanda ya yi dariya. Mutanen da suka zo da ƙwarya don su koma da abinci ba su da abin dariya. Wata mata ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Inna Hajara ta kutsa gaba, ta durƙusa, ta cusa hannu cikin yashin har gwiwar hannu, ko za ta taɓa ƙwaya a ƙasa. Ta zaro hannun ta dubi Chaibou.

"Ni na kai ka," ta ce. "Na zage ka, na zagi uwarka." Ta karkaɗe yashin hannunta. "To kai, ɗana, mi ɗiyanka ke ci?"

"Anza, Inna. Irin wadda naki ke ci."

A nan kuka ya ƙwace masa. Bahago ya matso da ɗingishinsa, ya juya wa jama'a baya, ya buɗe hannun babbar rigarsa ya kare shi har ya gama kukansa.