Turken Rumfar Iya

Ni dai ba mai yawo ba ce, tun ina ƙarama zaman gida ya fi mini daɗi. Da an yi magariba sai mu tattaru a rumfar kakata Iya, tana iza wutar tuwo tana ba mu tatsuniya. Wurina ɗaya ne kullum: jikin wani baƙin turke na itacen ƙirya da ke riƙe da rumfar, santsi gare shi kamar an shafa mai.

Akwai labari guda da ba ta buɗe shi da ga ta nan ga ta nanku. Sai dai ta rage wuta, ta ce mu matso.

Ta ce a tsohon garinmu, can wajen da Wuse take yanzu, an yi wata ƙungiyar ƙwallo, Damisa. Teloli da direbobi suka kafa ta, har ta kai ƙwallon ta zama sana'ar samarin, ana ɗaukar su a mota zuwa Minna da Kaduna. Golansu Tanko ne, ƙanen Iya. Suna da al'ada: ba sa barin turakun raga su kwana a fili, don kada abokan hamayya su binne musu laya a gindi. Ana tashi wasa gola zai tumɓuke su ya kai ɗakinsa. Shekara da shekaru Tanko bai taɓa fashi ba.

Sai aka ce hedikwatar ƙasa za ta dawo nan, kowa ya tashi. Ana gobe tafiya suka yi wasan bankwana. Bayan wasan aka shiga koke-koke da ɗaure kaya, turaku suka kwana a fili.

Da safe motoci suka kwashi mutane. An fara nisa, ana jiyo rurin katafila a baya, sai wata mata a cikin motar ta ce, "Tanko, turakun fa?"

Iya ta ce dirowa kawai ya yi daga motar. Direba ya leƙo yana cewa, "Malam, ka dawo, garin nan ya zama na oga katafila!" Bai waiwayo ba.

Kwana uku ana nemansa. Maza suka koma tsohon garin, ba fili, ba gida, sai jar ƙasa a shimfiɗe. A rana ta huɗu Iya ta fito shara, ta tarar da turke ɗaya jingine a ƙofar sabon gidan, gindinsa da ɗanyar ƙasa. Babu sawun kowa, kuma Tanko bai taɓa sanin gidan ba.

Damisa ta sake buga wasa biyu a sabon gari. Duk wanda aka sa a raga sai ya ce yana jin numfashin mutum a ƙeyarsa. Daga nan ƙungiyar ta watse.

Wata rana na tambaye ta ina turken yake yanzu. Ta nuna ni da muciya.

"Ke 'yar nan, me kika jingina da shi?"

Na yi wata guda ban ƙara zama a wurin ba.

Yanzu ina aure a Apo, jikokina suna kallon ƙwallo a waya. Na daɗe ina ɗauka labarin fatalwa ne, don a hana mu komawa baya neman abin da aka bari. Sai bayan rasuwar Iya, muna kwashe kayanta, na ga rigar golan a ƙasan adakarta, wankakkiya, a ninke. Na tuna Iya ta san sunan kowa a motar nan, har da direban. Matar da ta yi tambayar ce kaɗai ba ta taɓa faɗa mana sunanta ba.