Hannun Nang Sulping

Idan baƙi suka zo daga birni su ga aikin ƙungiyarmu ta tallafa wa karatun 'ya'yan masunta, ni suke gaisarwa, don ni ce mai takalmi, ni ke koyar da darasin yamma. Ba mai kallon Nang Sulping. Ita ce ke dafa wa yara kunun shinkafa a bayan aji, gajeriya, baki kamar reza, hannayenta duk sun faffashe. Tun tana ƙarama wata mai kuɗi ta tafi da ita birnin Cebu da sunan karatu. Ta ƙarar da ƙuruciyarta a wankin kayan wasu, ta dawo ko sunanta ba ta iya rubutawa ba.

Rabin yaran tsibirinmu ita ce ninang ɗinsu, ita ta tsaya musu a coci ranar baftisma. Wadda ta yi haka, iyayen yaron da abokan tsayuwarta kumare suke kiranta. Ba ta da abin ba su ranar Kirsimeti sai faɗa da ƙanzo, amma iyaye ita suke nema.

Jovelyn, 'yar Noy Sidro mai kamun kifi, ita ce ɗalibar da muke ji da ita, saura shekara guda ta gama sakandare. Ninang biyu gare ta: Nang Sulping da Madam Estrella, wadda ke saye busasshen kifin tsibirin nan kakaf. Da bikin waliyyin garinmu Madam ta zo daga Cebu, ta ce za ta koma da yarinyar ta sa ta a makaranta. Kowa ya san makarantar: tsintsiya, da baho, da goyon jikoki.

Na je wurin Noy Sidro raina a ɓace. Ko kai bai ɗaga daga ɗinkin ragarsa ba.

"Malama, kumare ce fa. Uwar ɗiyata ce a gaban Allah. Da wane bakin zan ce mata a'a?"

Na koma na zazzage wa Nang Sulping. Ta ci gaba da juya tukunya, ta ce, "Inday, 'yar nan, surutunki zai ƙona mini kunu." Na san dalilin da ya sa ta ƙi sa baki. Ɗanta tilo, Rodel, a ɗakin ajiyar kifin Madam yake aiki, kuma shi ke aiko mata maganin hawan jini. Duk da haka na ji haushinta, na tafi ban yi mata sallama ba.

Ranar tafiya gari ya taru a bakin teku. Noy Ambo ya tayar da injin kwalekwalensa yana ƙorafin ruwa na janyewa, in aka daɗe sai gobe. Jovelyn ta ajiye kwalinta da aka ɗaure da igiya, ta fara bin manya tana kama hannun kowa tana kai wa goshinta, ana sa mata albarka. A nan ba mai tsallaka teku bai yi haka ba. Ta yi wa kakarta, ta yi wa ubanta, ta yi wa uwarta da ke kuka a cikin tawul. Ina tsaye ina ganin layin yana ƙarewa.

Ta iso gaban Nang Sulping ta sunkuya. Tsohuwar ta cusa hannayenta biyu a hammata ta matse.

"Ninang," in ji yarinyar a hankali. "Hannunki."

"Ba na bayarwa."

Madam Estrella ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Haba kumare, wasan ya isa. Ruwa na tafiya."

"Wace makaranta ce? Faɗi sunanta, jama'a su ji."

"Sai mun isa za a duba."

"Ni ma haka aka ce wa babana. Har yau ana dubawa."

Madam ta matso, ta rage murya, amma duk mun ji. "Tsohuwa, ki tuna inda Rodel ke cin abinci."

Na ce a raina shi ke nan, Nang Sulping za ta saki. Jovelyn na sunkuye, hawaye na ɗiga a kan yashi, don ba ƙaramin abu ba ne a hana ka albarka a gaban gari, ko da don kai aka yi.

"Na tuna," in ji tsohuwar. Hannayen ba su fito ba.

Sai Noy Ambo ya kashe inji. "Madam, ke zan kai ki ko yanzu. Amma wadda aka hana albarka ba za ta taka mini jirgi ba. Ina da 'ya'ya."

Madam ta juya ga Noy Sidro. "Kai ba za ka yi magana ba?"

Idonsa na ƙasa ya ce, "Ni na bayar, kumare, kowa ya gani. Hannun nan ba nawa ba ne." Na rantse na ga kafaɗunsa sun sauka.

Ta shiga kwalekwale ita kaɗai, ba ta waiwayo ba.

Ba a rufa mako ba Rodel ya dawo da jakarsa, an sallame shi. Muna tashi daga darasi jirgin ya iso. Nang Sulping ta tare shi a bakin ruwa, ta goge hannu a siket, ta miƙa masa kamar yadda ake yi wa ɗan da ya dawo. Ya dubi hannun, ya gyara jakarsa, ya wuce ta.

Ta tsaya a haka, hannun a miƙe, mutane na kawar da kai.

Jovelyn ce ta fita daga cikinmu da kayan makarantarta. Ta taka har gabanta, ta riƙe hannun da hannu biyu, ta ɗora a goshinta, ta ƙi saki.

"Sake ni, ja'ira," in ji Nang Sulping, muryarta na karyewa. "Kin yi aikin gidan da Malama ta ba ki?"