Ramar Baffa

Ina aji biyu a karatun lauya na je hutun damina wurin Baffa, yayan mahaifina, a Balan. Ni tashin birni ne, sanina da gona bai wuce gero da gyaɗa ba. Kaina kuwa cike yake da muhawarar da muka yi a aji kafin hutu: shin haƙƙin da manomi yake da shi a kan gonarsa ya kai ya shuka wiwi? Malaminmu ya ce a wasu ƙasashe an halatta irin da ba ya bugarwa, ana yin tufafi da shi, amma dokarmu ba ta raba su ba.

Da hantsi Baffa ya goya ni a babur muka tafi gona. A kan iyakarsa da maƙwabci na hango wata shuka a jere, doguwa, ganyenta a tsattsage kamar yatsun hannu. Sak hoton wiwin da aka nuna mana a aji.

Na rage murya na ce, "Baffa, wannan kai ka shuka?"

"Ni kuwa. Duk shekara."

"Ka san doka ta hana?"

Ya ajiye fartanya ya dube ni. "Gonar ubana ce. Wace doka?"

Nan na gyara tsayuwa na zuba masa karatu: mallakar gona daban, izinin shuka abin da aka haramta daban. Ya saurare ni tsaf yana gyaɗa kai. Da na gama ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, wani dattijon Bafulatani da yake noma a gefe.

"Malam, zo ka ji! Lauyanmu ya ce ɗaure mu za a yi."

Dattijon ya taho, ya kalli shukar, ya kalle ni. "To a haɗa da matanmu, su ke dafawa." Ya tsinki ganye ya miƙo mini. "Tauna, ɗana."

Na tauna da ƙyar. Tsami ya cika mini baki, tsamin da na sani tun ina ƙarami. Rama ce. Kwaɗonta da ƙuli-ƙuli na ci ya fi a ƙirga, ban taɓa ganinta a tsaye ba.

Baffa ya yi dariya har da zama a kan kunya.

Da muka koma inuwar ɗorawa muna shan fura, sai maganar ta zama ta gaske. Dattijon ya ce shi in dai wiwin ba ta bugarwa, hukuma ta yarda, kuma akwai masu saye, zai gwada, ai haka suka gwada riɗi. Baffa ya ce shi ba da shi ba.

"Wa zai tsaya a bakin gona yana tantance mai bugarwa da marar bugarwa? Ga mai karatu nan, rama ma ta gagare shi. Balle samarin da ke wucewa."

Ba su daidaita ba, kowa ya ɗauki fartanyarsa.

A gida Baffa bai ko cire hula ba ya kwashe labari ya faɗa wa Inna, matarsa. Ta dafa bango tana dariya, sannan ta ce in ba ta aron wayata. Ta kira mahaifiyata ta ba ta labari. Ina jin ƙannena ta cikin wayar suna cewa a sake faɗa daga farko.