Shekarar da Baba Ya Zauna a Mairuwa

Babanmu ya dawo daga yaƙin basasa babu rauni ko ɗaya a jikinsa, amma ya dawo ba ya iya zama wuri guda. A shekarar da aka daina fam aka koma naira, wata safiya cikin damina, na fito na tarar ya naɗe tabarmi, ya ɗaure tukwane da igiya, ya jera su a ƙofar gidan da muke zaune a Mairuwa. Ban tambaya ba. Haka muka bar Mabai, haka muka bar Ruwan Godiya. Duk inda muka sauka sai ya ari gona, mu yi shuka, mu yi noma har maimai. Gero na fara fitar da kai sai ka ga ƙafarsa tana kaɗawa in yana zaune. Daga nan sai ya bar wa mai gona amfanin, mu tashi.

Ba don ba ya son mu ba ne. Shi ke yi mana wanka a bakin rijiya da sabulun salo, shi ke ɗinke mana riguna da allurar da ya zo da ita daga soja. In Inna, mahaifiyarmu, ba ta da lafiya, shi ke tuƙa tuwo, maza na wucewa suna yi masa tsiya, "Soja, yau miyar mi aka yi?" Ya ce su shigo su ɗanɗana. Da yamma ya jera mu fareti, ni da ƙannena, kowa da karan dawa a kafaɗa, har mu zube ƙasa don dariya. Labarin yaƙi kuwa ba ya bayarwa. Abu ɗaya na taɓa ji ya faɗa wa Inna: "A can, ramin da muka daɗe a ciki shi ake jefa wa bom."

A wannan karon tifa ce ke jiran mu a bakin titi. Wani abokinsa na soja ya samo masa gadi a kamfanin da ke yin hanya wajen Kaduna. Lokacin kuɗi sun shigo ƙasa, samari na ta ajiye fartanya suna bin motoci. Inna ba ta fito ba. Baba ya shiga, ina bayansa, muka same ta ta sake hura wutar da ya kashe. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Malam, yaran nan ba su taɓa cin tumun gonarsu ba, kullum na mutane suke kallo. Ka tahi, Allah shi kiyaye hanya. Mu sai mun ci." Direba na ta danna oda. Baba ya kalli wutar. Sannan ya fita, ya ɗauko babbar tukunya ya mayar ɗaki, ya je ya sallami motar.

Gero ya nuna, muka gasa tumu har bakina ya ƙone. Baba bai warke ba. Ya rame a shekarar, ga saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga baya ya kama korar shanu zuwa kasuwar Sheme a ƙasa, yana tafiya kamar ana bin sa, makiyaya ma ba sa iya jerawa da shi. Ran da babu kora sai ya yi ta zagaya gari har magariba. Amma kullum yana dawowa, da ƙosai ko rake a aljihu. A gidan nan muka girma, a nan ya aurar da mu, a nan ya rasu.

Yanzu 'yan bindiga sun raba mu da gonakin. Na ɗebi 'ya'yana daga wannan gari zuwa wancan, yau ina ɗakin haya a Funtuwa, kuma ko nan ba na kwance kayana duka. Sai yanzu na san abin da ya haɗiye ran da ya sallami motar nan. Mu duka mun watse. Shi kaɗai ya rage a Mairuwa, a maƙabartar bayan gari.