Ranar da surukina ya nemi gyara firi jaz da sifana

A can ƙarshen layin rediyo, inda allura take kusa faɗawa rami, akwai wata tasha ta 'yan jami'a mai sa kiɗan da ake kira firi jaz. Makaɗa ne za su haɗu ba shiri, ba waƙa, kowa ya kama gabansa. Mai ƙaho yana kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa dubu, mai ganga kamar yana zubar da tukwane daga bene. Na same ta ina tuƙin tasi a unguwar Jamaica, na ce bari in ji inda za su ƙare. Har yau ban ji ba, kuma na kamu. Duk go-sulon garin nan, in na kunna ta sai in ji akwai waɗanda suka fi ni rikicewa.

A shekarar da surukina ya zo daga Kumasi, ban taɓa ganinsa ido da ido ba, wakilai ne suka karɓa mini aure. Labari ɗaya ya je masa a kaina, wai ya ba da 'yarsa ga sarkin barkwanci. Shi kuma tsohon bakanike ne, an ce ko ranar sallah murmushinsa rabi ne. Maiɗakina ta tare ni a ƙofa ta ce, “Ya zo ya ga ko kana da natsuwa ne. In ka yi masa dariyar nan taka, wallahi kai ka sani.”

Na ɗauko shi a filin jirgi bayan azahar. Na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara, na gaishe shi ido a ƙasa, muka kama hanyar gidanmu a Parkchester. Na manta rediyo na kunne ƙasa-ƙasa, domin makaɗan nan sukan yi tsit har ka zata sun tafi gida. Muna hawa babban titi mai ƙaho ya farka da wani siririn ƙii.

Tsoho ya karkata kunne. “Fanbel ɗin motarka ne ke kuka.”

A wurinmu ba a ce wa suruki a'a, balle a ganin farko. Na ce, “To, Baba.”

Mai babban goge ya shigo yana gurnani.

“Boris ɗin taya ma ya tafi. A cikin wannan kake ɗaukar mini 'ya? Tsaya!”

In na kai hannu na kashe rediyo, na nuna masa kurensa ke nan. Na ratse gidan mai na kashe mota, kiɗi ya mutu tare da ita. Ya cire babbar riga, ya karɓi sifana, ya shige ƙarƙashin bonet har ƙafafu kawai nake gani. Ya taɓa nan, ya ɗaure can, ya ce, “Tayar.”

Na tayar. Aka yi rashin sa'a, daidai lokacin dukkansu suka haukace gaba ɗaya. Ya leƙo ta taga fuskarsa duk baƙin mai, sai kiɗi ya tsaya cak, wata murya mai sanyi ta fito tana gode wa makaɗa ɗaya bayan ɗaya.

Dariya ta taso mini tun daga ɗan yatsan ƙafa. Na cije leɓe, na ƙura wa sitiyari ido, na tuno duk mamatan danginmu. Hawaye na zuba, amma haƙori bai fito ba.

Ya daɗe yana kallon rediyon. Ya ce, “Mutane ne?”

“Mutane ne, Baba.”

“Da gangan?”

“Da gangan, Baba.”

“Lafiyarsu ƙalau?”

“Haka ake cewa.”

Ya shigo ya zauna, ya ce, “Ƙara murya.” Aka sa wani. Ya rufe ido yana ɗaga yatsa. “Wannan birki ne ya cinye. Wancan salansa ta fashe. Kai, mai gangar nan gwani ne, na taɓa jin tifa ta yi haka a kan tudu.” Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da wata irin dariya da ta sa mai gidan man ya leƙo. Na jira Baba ya yi nisa da dariyar, sannan na bi bayansa da tawa cikin ladabi.

Da muka isa gida, maiɗakina ta ga mahaifinta da baƙin mai har goshi, ta harare ni. Ya zauna, ya sha ruwa, ya ce da ita, “Mijinki ya bar ni na gyara lafiyayyar mota bai ce uffan ba. Kuma kin ji abin da yake saurare kullum? Wanda ya iya haƙuri da wannan zai iya da ke. Zubo masa tuwo.”